Kunnen Zanin Gado

Ban taɓa yi wa surukata ƙarya ba a shekara ashirin da shida da na yi ina auren ɗanta, sai ranar da aka binne shi. Ta lalubo hannuna a tsakiyar mutane, don idanunta sun daɗe da yin rauni, ta ce, "'Yata, kina wurin lokacin da ya cika?"

Na ce, "Ina wurin, Mama."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "To, na gode wa Ubangiji. Abin da nake tsoro ke nan, kada yaron nan ya tafi shi kaɗai."

Ba na wurin. Na sauka ɗebo ruwan zafi.

A asibitin da ya rasu nake aiki, a ɗakin wanki da ke can ƙasan bene, inda babu taga sai ƙananan ramukan iska kusa da rufi. Injinan wanki huɗu ne, ɗaya kullum a lalace, sai babban injin guga da ke haɗiye zanin gado ta gaba ya fitar da shi ta baya da zafinsa. Daga nan zani ya hau dogon teburin ninki, daga tebur ya hau keken turawa, a kai shi sama wurin marasa lafiya. Shekara goma sha tara na yi a cikin wannan tururi. Abokan aiki Barkono suke kirana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don na san bakina.

A ƙarshen teburin ninki akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Ta riga mu duka zuwa wurin. Ita ke riƙe da ƙaramin dutsen guga na rigunan likitoci da rigunan filo, kuma tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Duk zanin rufa da ya biyo ta hannunta sai ta lanƙwasa masa kusurwa ɗaya, kamar yadda ake lanƙwasa kunnen takarda, ta danna dutsen guga a kai, leɓenta yana motsi, sannan ta ninke ta ajiye. Idan aka baza zanin a sama, za a ga ɗan kari a karkace a wannan kusurwar, tsawon yatsa ɗaya. Kunnen Gwaggo muke ce masa. Kowa ya san addu'a take yi wa wanda zai rufa da zanin. Abin da take faɗa kuwa ban taɓa tambaya ba, don na ɗauka na riga na sani.

Ni ma Kirista ce, ban fasa zuwa coci ba, har a ƙungiyar mata ina da kujera. Amma a ganina addu'a tana da wurinta, aiki yana da nasa. Idan zannuwa suka taru a gabanta ni ce ke kwashe ragowar, don haka nakan ce mata, "Gwaggo, wai shi Ubangiji sai an yi masa alama da dutsen guga kafin ya gane gadon mara lafiya?" Sai ta yi murmushi ta ce, "Ba don shi nake yi ba, 'yar nan." Ta ci gaba da abinta.

Wadda ta fi ni tsanar kunnen nan ita ce shugabarmu. Agogo muke ce mata a bayan idonta, don ba ta magana da mutum sai ta duba tsintsiyar hannunta. Doguwa ce, ba ta dariya, kuma ta taɓa tsayawa a kan Gwaggo ta ƙirga daƙiƙa nawa kowane kunne ke ci, ta tara su, ta sanar da mu cewa minti arba'in na aikin asibiti ke tafiya a banza kowace rana. Ta hana. Gwaggo ta ce to, ta bari na kwana biyu, ta koma. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru.

Duk wannan labarin nakan kai shi gida. Maigidana direban bas ne, mutum mai son dariya, kuma babu abin da ke sa shi ƙyalƙyala kamar in tsaya a tsakar ɗaki ina kwaikwayon Agogo tana duba hannu, sannan in duƙa in koma Gwaggo ina motsa leɓe. Wata rana yana share hawayen dariya ya ce, "Ke dai Barkono, ki ƙyale tsohuwa ta yi abinta. Ni kam duk ranar da na kwanta a asibitinku, kunnen nan zan fara nema."

Na ce, "Allah ya kiyaye. Ka daina mana mugun fata."

Ƙoda ce ta kwantar da shi. Kafin mu ankara ƙafafunsa sun kumbura, aka ba shi gado a ɗakin maza, hawa na uku, kusa da bango. Na ɗauki hutu na tare a gefensa. Kwana tara muka yi. Na yi addu'a a kwanakin nan irin wadda ban taɓa yi ba, a tsaye, a zaune, a durƙushe a banɗaki, kuma abu ɗaya nake ta roƙo, a tashi kafaɗunsa.

A rana ta tara, wajen ƙarfe ɗaya na rana, ya buɗe ido ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi, in ɗan gasa masa su. Butar dafa ruwa ta ɗakin ta lalace. Na san a wurinmu ruwan zafi ba ya yankewa, sai na ɗauki filas na ce masa, "Yanzu zan dawo." Ya gyaɗa kai.

Na sauka hawa uku da gudu-gudu. Lokacin hutun rana ne, ɗakin wanki ba kowa, sai Agogo da na hango can a teburin ninki, ta ba ni baya, ta duƙa a kan tarin zannuwa. Na ce a raina, ga ta nan, ko hutu ba ya hana ta ƙirga. Ban yi mata magana ba. Famfon da ke bakin ƙofa ya yi ta zubo ruwan sanyi kafin na zafin ya iso, ina tsaye ina tsaki. Na cika filas, na hau.

Minti goma sha biyu na yi. Na san haka don na sha ƙirga su daga baya, matakala bayan matakala.

Mai gadon kusa da shi yana barci. Nas tana can ƙarshen ɗaki tana sa wa wani ƙarin ruwa. Babu wanda ya gani, babu wanda ya ji. Fuskarsa tana kallon bango, hannunsa na dama ya damƙe kusurwar zanin rufarsa. Bayan likita ya zo ya faɗi abin da na riga na sani, ni na ɓamɓare yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. A cikin tafin hannunsa na ga karin gugar, ɗan layi a karkace, tsawon yatsa.

Ban yi kuka a lokacin ba. Fushi ne ya turnuƙe ni. Na kalli kunnen nan na ce a zuciyata, to ga addu'arki nan, Gwaggo, me ta tsinana?

Daga ranar bakina ya rufe. Nakan je coci in zauna a baya, a tashi in tashi, a zauna in zauna, amma ko amin ba na iya cewa. Ba wai na daina yarda akwai Allah ba. Na dai ɗauka cewa a ranar nan, da ni da Ubangiji duka mun bar ɗakin, ni ina da uzurin ruwan zafi, shi ban san nasa ba. Fasto ya zo gida sau biyu, ya yi magana mai daɗi, na ba shi ruwa, na raka shi ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mama. Tana zaune a gidan ƙanin maigidana, kuma duk Lahadi bayan sujada nakan je in gaishe ta. Duk wanda ya shigo yi mata gaisuwa sai ta nuna inda nake ta ce, "Matarsa tana gefensa har ƙarshe. Wannan kaɗai ya ishe ni ta'aziyya." Ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka alhini ne. Wata Lahadi ta jawo ni kusa ta ce, "Ya faɗi wani abu kafin ya tafi?" Na ce bai ce komai ba. Ta ce, "Kin riƙe masa hannu?" Na ce na riƙe. Ƙarya ta haifi ƙarya. Lahadin da ta biyo na aika cewa ba ni da lafiya, ta gaba ma haka, har na yi mako uku ban taka gidan ba. Tsohuwa ta rasa ɗa, ni kuma na ƙara mata da rashin suruka, ina sane.

Bayan wata biyu na koma aiki. Aka yi ta rungume ni, aka yi ta sannu, na amsa abin da zan iya. Na ɗaura atamfar aikina na tsaya a wurina. Injin guga ya fara tofo zannuwa. Ban fi rabin awa ba na ji ƙarar nan da na sani, ɗan cus na dutsen guga a kan kusurwa. Na ɗaga kai. Gwaggo ta lanƙwasa, ta danna, leɓenta yana motsi.

Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Na fizge zanin daga hannunta.

Na ce, "Gwaggo, don Allah ya isa haka. Ki daina yaudarar mutane. Na ga kunnenki a hannun mijina. Ya riƙe shi gam, ya mutu yana riƙe da shi. Ina sauƙin da kika roƙa masa?"

Gwaggo ta kafe dutsen gugar a tsaye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ja hannun rigarta sama. Daga tsintsiya har gwiwar hannu fata ta yi fari-fari, sabon tabon ƙuna.

Ta ce, "'Yar nan, ai ba ni ba ce. Kwana ɗaya da kwantar da mijinki bututun tururi ya fashe mini. Mako uku ina gida. Ko jana'iza ban samu zuwa ba, ba ki lura ba ne."

Gaskiya ban lura ba. A kwanakin nan ko wuta ce ta tashi a gabana ba zan gani ba. Amma na san aikina. Kari ba ya tsallake wanki, kuma zanin ɗakin maza kullum ake canza shi. Wanda na gani a hannunsa an yi shi ne a jiya ko shekaranjiyar ranar.

Na ce, "To wa ya yi?"

Gwaggo ta juya ido wajen ƙaramin ofishin gilashi da ke kusurwar ɗaki, inda Agogo ke zaune tana rubutu. Ta rage murya.

"Ta zo duba ni a gida. Ko zama ba ta yi ba, tana tsaye tana kallon agogonta, ta ce, wai wannan abin da kike faɗa a kan zannuwa, mene ne shi? Na gaya mata. Ta sa na maimaita sau biyu. Ashe duk lokacin hutun rana, idan an watse, sai ta zauna ta yi wa zannuwan ɗakin maza gaba ɗaya, guda sittin, tunda ba ta san wanne zai faɗa gadon mijinki ba."

Na tuna bayan nan da na hango a duƙe a kan tebur, ranar da na sauko da filas. Na zauna a kan buhun kayan wanki.

Na ce, "Me kike faɗa, Gwaggo?"

Ta ce, "Shekara goma sha tara, sai yau kika tambaya." Ba da gori ta faɗa ba. Ta matso ta zauna kusa da ni, tana nishi irin na tsofaffi. "Gajeriya ce. Ya Yesu, ka zauna da wanda zai rufa da wannan, kada ka bar shi shi kaɗai. Shi ke nan."

"Ba sauƙi kike roƙo ba?"

"Sauƙi ina roƙonsa da safe a gida, ga likitoci ma suna nasu ƙoƙarin. Wani ya tashi, wani bai tashi ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma ni na taɓa kwanciya a asibiti ina yarinya, na haihu ɗan bai zo da rai ba, a garin da ban san kowa ba. Kwana biyar babu wanda ya leƙo ni. Zani kawai nake ja in rufe kaina. Tun daga nan na san abin da mai kwanciya ya fi tsoro." Ta sauke hannun rigarta. "Mijinki ya san kalmomin, ai. Wata rana ya zo ɗaukarki, kina can kina faɗa da inji, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni. Har ya ce kada in gaya miki, za ki mai da shi abin kwaikwayo."

Nan ne kukan da na riƙe wata biyu ya ɓalle, a kan buhun zannuwa masu datti, injina suna rufe mini murya. Gwaggo ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta dafa bayana da hannunta mai lafiya ta bar ni na yi.

Ba zan ce na ga haske ko na ji murya ba, ni ba mai irin wannan labarin ba ce. Abin da na sani shi ne, a minti goma sha biyun nan maigidana ya ji abin yana zuwa, ya duba bai gan ni ba, sai ya lalubi kusurwar zani ya sami abin da ya ce zai nema. Ya san abin da aka roƙa a kai, kuma ya riƙe. Na yi wata biyu ina tuhumar Ubangiji da barin ɗakin, alhali shaidar tana cikin tafin hannun da ni da kaina na buɗe. Na gani da idona, fushi ya hana ni ganewa.

Da na wanke fuska na ƙwanƙwasa ƙofar ofishin gilashi. Agogo ta ɗago, ta duba hannunta.

Na ce, "Madam, Gwaggo ta gaya mini."

Ta mai da ido kan takardarta. "Lokacin hutuna ne, ba na asibiti ba."

"Na gode."

"Zani biyu na ƙona kafin na iya," in ji ta, har yanzu ba ta kalle ni ba. Alƙalamin ya tsaya a hannunta. "Ni ban iya doguwar addu'a ba. Wannan dai na ga zan iya riƙewa." Sai ta gyara murya. "In kin gama kukan, keken ɗakin mata yana jira."

Ranar ban jira Lahadi ba. Ana tashi aiki da ƙarfe huɗu na wuce gidan ƙanin maigidana. Na tarar da Mama a ɗakinta, zaune a bakin gado, rediyo yana magana a hankali. Ta gane takuna.

Ta ce, "'Yata ce? Jikin ya yi sauƙi?"

Na ce, "Da sauƙi, Mama. Ina zuwa."

Zanin rufarta yana kan igiya a waje, ya bushe. Na ɗauko, na ari dutsen guga wurin matar gidan, na shimfiɗa a kan tebur. Na lanƙwasa kusurwa ɗaya. Da na buɗe baki muryata ta fito a dishe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma na faɗi kalmomin har ƙarshe. Na danna.

Na koma na durƙusa a gabanta, na ɗora mata zanin a cinya da ɗuminsa, na kama yatsanta na bi da shi kan karin. Na ba ta labarin Gwaggo, da na Agogo, da abin da ɗanta ya taɓa faɗa yana dariya. Sannan na ce, "Mama, ƙarya na yi miki. Ba na wurin. Na sauka ɗebo masa ruwan zafi, kafin in dawo ya tafi. Ban riƙe hannunsa ba. Wannan ya riƙe."

Ta janye yatsanta daga nawa. Na ce shi ke nan, na ƙwace wa tsohuwa abu ɗaya da ya rage mata. Ta kashe rediyon. Ta yi ta bin karin nan da babban yatsa, ta je ta dawo, hawaye suna bin tamojin fuskarta.

Ta ce, "Maimaita mini abin da ake faɗa."

Na maimaita.

Ta ce, "Kuma ya sani?"

"Ya sani, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Sannan ta lalubo fuskata da hannu biyu, yadda take yi wa jikokinta.

"Wata biyu ke nan kina ɗauke da wannan?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Ashe shi ba a bar shi shi kaɗai ba. Ke muka bari."

Ta warware zanin, ta yafa mini a kafaɗa, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. Ina jin leɓenta yana motsi a saman kaina, kuma na san kalmomin da take faɗa. Da ta kai ƙarshe na ce amin.